Tokar da Na Kai Lambun Kawu

A zamanin Turawa sana'ata liƙi ce a kasuwar Bodinga: kwanon da ya huje, buta, fitilar gwangwani. Dalma nake narkawa ina toshe musu baki. Da manyan motoci suka fara bin hanyar Shagari, sai na gano cewa mataccen batirin mota cike yake da dalma. In fasa, in narka, in share toka da dattin su taru a bayan rumfa. Ina ji da kaina a lokacin, gani nake duk garin ba mai dabarata.

Kawuna, yayan mahaifiyata, yana da lambun albasa a Dingyaɗi. Ba girman lambun ne abin alfaharinsa ba, irinsa ne. Tun daga hannun kakanmu yake riƙe da shi, kowace shekara ya ware manyan albasa ya dasa su su yi fure, ya tara iri a tulu. Har daga Lambara ake zuwa roƙo, shi kuwa ya ba da yana ɗan ja wa mutum rai.

Masu lambu suna son toka, kowa ya sani. Ni kuma ina son a ce ɗan ƙanwa ya yi abin kai. Na cika buhu biyu da tarin bayan rumfata na kai masa a keke. Ya yi ta sa mini albarka, kuma saboda ya girmama ni, a fangalin iri ya zuba ta duka.

Bayan 'yan makonni lawashin ya fara ɗashewa. Koren ya gudu, ya koma rawaya daga tsini zuwa gindi. Kawu ya ƙara ban ruwa, ya ƙara taki, ganye sai kwanciya yake. Fangalan da ba su sami tokata ba kuwa kore shar. Na gani da idona, na kau da kai.

Ran nan malamin gona ya biyo rangadi, ina wurin. Ya tsuguna, ya tuge ɗaya, ga saiwa baƙa a dunƙule. Ya ce koren ganye shi ne madafar shuka, da shi take haɗa hasken rana da ruwa da iska ta yi abincinta. In saiwa ta sha gubar ƙarfe irin dalma, koren ya mutu, shuka ta zauna cikin rana tana yunwa.

"Baba, mi anka zuba ma wurin ga?" ya tambaya.

"Toka ɗai ta," in ji Kawu. "Ɗana na ga yak kawo min, Allah shi yi mai albarka."

Malamin ya ɗago ya dube ni, ya dubi hannuwana masu tabon ƙuna. "Tokar mi ta?"

Na ce ta murhu ce. Haka na faɗa, kai tsaye. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Kawu ya yarda, don bai taɓa jin ƙarya a bakina ba. Ya ce to laifin hannunsa ne, tsufa ya zo. Ko fure ɗaya bai tsaya ba, abin da ke tulu kuma ya riga ya rabar.

Da lokacin yafa iri ya zo, ya aiko in kai shi Lambara a keke. Muka tsaya ƙofar wani mutum da ya shekara goma yana karɓar iri a hannun Kawu. Kawu ya gyara hula, ya ce in jira a waje, kada in ga wannan. Zana ce kawai tsakaninmu. Ina riƙe da keke na ji ya yi sallama, ya rage murya, ya ce, "Na taho roƙo. Irin babana ya mutu hannuna."