Kwalaben Yaya Rakiya da Wanda Ya Sa Aka Fasa Su

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Rakiya makwancinta a Tawa. Duk shekara dangi sukan ce in yi mata addu'a in yi shiru. Addu'a ban taɓa fasawa ba. Shirun ne bana na kasa.

Ga wanda bai san ta ba, malamar kimiyyar halittu ce a wata lise, wato makarantar sakandare, ta cikin gari, ni kuma ƙaninta ne da ta goya. Abin da ya ɗauke mata hankali shi ne yis na daji, ƙwayoyin nan da ido ba ya gani, masu zama a bawon ƴaƴan itace, su sa jiƙo ya yi kumfa, ƙulli ya tashi. In an yi hutu sai ta shiga motar kasuwa zuwa Bambeye ko Tebaram, ta tsinko ɗanya da magarya da kanya, ta jiƙa kowanne a kwalbarsa. Takan ce mini na ɗanyar Tebaram ya fi jure zafi, na Bambeye ya fi saurin tashi, alhali itacen iri ɗaya ne. Bambancin a gadonsu yake, in ji ta, kamar ƴan ɗaki ɗaya kowa da halinsa. Burinta ta ware wanda zai tayar da burodi a zafinmu, ta aika Yamai a bincika shi.

Wanda ya rushe wannan buri abokin aikinta ne, ajinsa jikin nata. An zaɓe ta zuwa wani horo da shi ya sa wa rai. Ya san sarai abin da ke cikin kwalaben, don ta sha nuna masa. Duk da haka ya bi iyayen yara gida gida yana cewa Madam Rakiya giya take haɗawa a labo, ɗakin gwajin makaranta, ai da irin wannan yis Turawa ke yin barasar inabi. Wata safiya iyaye suka cika makaranta, shugaban ya tsorata, aka fito da kwalaben tsakar fili aka farfasa a gaban ɗalibanta. Ina tsaye a wurin. Abin da kawai ta ce shi ne, "Ku bar mani ko guda." Ba a bar mata ba.

Aka mayar da ita wani ƙauye can arewa, nesa da asibiti, ga ta da hawan jini. In ta zo gida ko biki ba ta fita. Ba ta daɗe ba ta rasu. Na san ajali na Allah ne, amma na san kuma wanda ya sa mace mai sallah da azumi ta ƙare kwananta tana ɓoye fuska.

Yau masu gidan burodi na kukan tsadar yis ɗin da ake shigowa da shi, mutumin nan kuwa na ji shi a rediyo yana wa'azin mu dogara da albarkatun gida. Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce. Ina jin murmushi za ta yi, ta nemi sababbin kwalabe. Ni ban gaji wannan hali nata ba.

A bara mutumin nan ya yi sallama a ƙofar gidana. "Malam, zan tahi Makka, na zo neman gahwara."

Na ce, "Ni ba ni kay yi ma laihi ba. Ka tara iyayen nan ka gaya musu ƙarya ka yi. In ka yi haka, dawo mu yi magana."

Ya sa takalmansa ya tafi. Har yau bai tara kowa ba.

Me ya saura na Yaya? Akwai ɗalibanta, ɗaya ma tana aikin bincike a Yamai, tana kirana duk sallah. Akwai ɗiyanta biyu da suka tashi ana ce musu ƴaƴan mai giya, babbar har ta bar gari. Su nake tunawa in aka ce in yafe.

Shi kuwa mutumin ya dawo daga Makka, ana ce masa Alhaji. In mun haɗu a kasuwa nakan tsaya in dube shi har sai ya sauya hanya. Haka zan yi ta yi, har ya faɗi gaskiya ko ɗayanmu ya bi Yaya lahira.