Gonar da Na Shafa wa Kore

Shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, damina biyu ke nan da rasuwar maigidana, ita ce shekarar da ruwa ya ɗauke dawa tana da ciki. Ɗana, shi kaɗai ne namiji, ya jingine fartanya ya bi motar shanu zuwa Ikko. Gonarmu ta Dayi ta zauna ba mai juya ta, ƙannen ubansa suka fara zancen a sayar.

A lokacin wani Bayarabe mai ɗaukar hoto yana haya a shagon ƙofar gidana a Malumfashi. Hotonsa baƙi da fari yake fitowa, matarsa ce ke sa launi da hannu. Ni kuwa hular da na ɗinka daga nesa ake gane ta, don haka na ce ta koya mini. Ta yi dariya ta ce wannan ba allura ba ce, Mama, ta turo mini lalatattun hotuna in ɓata son raina.

Na ɓata kuwa. Na farko na laɓta masa shuɗi kamar mai shafe ɗaki, sama ta fito kamar bakin marina. Ta nuna mini a jiƙa takardar da auduga tukuna, a tsinka launin har ya kusa zama ruwa. A fara da sama, abin da ke nesa a bar shi dishi-dishi, na kusa a ƙara masa ƙarfi. Inda ake son fari, a kankare da bakin reza. Kafin azumi na fi ta hannu. Ita ta faɗa, ba ni ba.

Sai na sa mijinta ya je Dayi ya ɗauko mini gonar. Ya yi ta mita, wai ba a ɗaukar ƙasa ba mutum a ciki. Hoton ya fito da gaskiyarsa: busasshen kara, rafi ya zama yashi, giginyu a tsaye kamar masu zaman makoki.

Na zauna a kansa. Na cika rafin da ruwa, na mayar da karan kore shar, na ɗora wa gero kai. Gefen gabas na bi da reza ɗigo-ɗigo har auduga ta fashe fari fat. Matar ta leƙo ta ce ai waɗannan ba sa haɗuwa lokaci guda. Na ce na sani, a gonar na tsufa. So nake ɗana ya ga duk abin da ta taɓa ba mu, a kallo ɗaya.

Na ba direban motar shanun ya kai masa. Da ya dawo sai ya tsaya daga zaure yana ta jan gaisuwa. Na ce ya faɗi kawai. Ya ce yaron ya daɗe yana kallo, har ya share ido, sannan ya ce:

"Ka ce wa Inna hannunta ya yi kyau. Amma wannan gonar ban san ta ba. Wadda na sani ita ce ta kore ni."

Bai riƙe hoton ba ma, ya ba direban ya maido mini. Kafin wata damina aka sayar da gonar.

Na ci gaba da shafa wa mutane hotunansu, har lokacin da sojoji suka sa kowa bin layi. A nan hoto mai kala ya iso, aka daina neman mu, Bayaraben ya kwashe kayansa suka koma garinsu.

Shi da matar duk sun rasu, direban ma haka. Saura ni, da 'yarsu da aka haifa a gidana, tana sayar da atamfa a Funtuwa. Ɗana ma yana raye, an ce ya yi furfura. 'Ya'yansa ba sa jin Hausa.