Kalmar da Na Riƙe da Wadda Na Yar

Ƙarfe bakwai da kwata na dare ne, ranar Alhamis, a gidanmu na haya a Sharaɗa. Mu huɗu ne a bakin murhu: Inna kakata, Baba, ni, da ƙanwata Ladi.

Baba ya fara magana. A masaƙar da yake aiki akwai wani tsoho ɗan Sin mai gyaran injuna. Ran nan wani ya ɗaure doki a ƙofar kamfani, tsohon ya tsaya yana shafa wuyansa yana cewa "morin". Wai sunan doki ke nan a harshen kakanninsa Mancu, kuma maƙwabtansu makiyayan Mongol ma haka suke kiransa. Duk harshen, wannan kalmar kaɗai ta rage a bakinsa.

Baba ya yi dariya. Inna ba ta yi ba.

"Ashe maraya ne," in ji ta. Ta tura ice, ta fara tatsuniya.

Wani ɗan doki ne ya baro uwarsa daga gabas. Garin farko suka ba shi dawa da sabon suna. Na biyu suka ba shi linzami da sabon suna. Haka har gari bakwai. Uwar ta biyo sawu, ta hango shi a kasuwa, ta kira shi da sunan da ta raɗa masa. Bai waiwayo ba. Ta kira sau uku, ta juya.

"Inna, ba ku ƙarasa ba," in ji Ladi.

"Ta ƙare."

Sannan Inna ta kamo kunnena. "Maigidana, uwata ba Bahaushiya ba ce, daga kan duwatsu aka sauko da ita. Ga yadda take kiran doki. Na ba ka ajiya." Ta faɗa sau ɗaya.

Ga laifina. Na ɗauki gawayi na rubuta "morin" a bango, don in yi wa 'yan ajinmu burga. Tata ban rubuta ba, na ga ai ta gida ce, kullum tana nan.

Inna ta rasu da damina. Na tambayi Baba, ya ce bai taɓa koyo ba. Ladi ta ce ita ba ta ji ba. Yau ina riƙe da ajiyar baƙon da ban taɓa gani ba, ta kakata kuwa gaɓa biyu kawai na san tana da su.

Mai karatu, idan akwai tsohuwa a gidanku da uwarta ta sauko daga dutse, ka tambaye ta yadda suke kiran doki. Ka sa ta maimaita, ka rubuta a gabanta.