Barmilin da Kawu ya huda

Jiya a kasuwar Gadarif warin maganin ƙwari ya buge ni daga wata lori da ta taso daga gonakin Doka. Nan take marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Aikinsa a ofishin lafiya rubuta dokoki ne da bin su har kotu. Mu a gida hancinsa muka sani, don ba ya shan ruwa a gidan kowa sai ya shinshina mazubin.

Wani rani mijina ya kawo mini shuɗin barmil, wato duro, daga gonar da yake aiki, wanda maganin feshi ya ƙare a ciki. Na wanke shi sau uku da sabulu, na cika da ruwa. Kawu ya shigo, ya sunkuya ya shinshina. Sai ya ɗauki gatarina ya huda gindin, ruwan ya malale a tsakar gida.

Na hau faɗa. "Kawu, a garin nan ake zubar da ruwa? Dokarku ta hana zuba ruwa a barmilin magani ta kasuwa ce, nan gidana ne!"

Ya ce, "Ɗiyata, na rubuta ta ne bayan na karanta takardun yara biyu da aka binne rana ɗaya, ruwan irin wannan barmil suka sha. Su ma uwarsu sau uku ta wanke."

Sati biyu ban gaishe shi ba, shi kuwa kullum sai ya aiko mini mai jaki da ruwa.

Yarana huɗu duk sun girma. Allah ya shayar da kai ruwan Alkausara, Kawu, wanda ba sai ka shinshina ba.