Tuwon Baba Soja

Wata Asabar a watan Nuwamba, shekarar da na shiga aji huɗu, Mama ta ɗora mini kwanon samira mai zafi a hannu, ta ce in kai wa maƙwabcinmu. Ganyaye sun rufe unguwarmu ta Beltsville a Amurka, ina tafe suna ƙara a ƙarƙashin takalmina, ƙamshin miyar kuka na bina. Matar tsohon ta rasu a makon, kuma a wajen Mama, wadda aka haifa a Zariya, ba a barin gidan rasuwa ya ɗora tukunya. Na ƙwanƙwasa, na durƙusa na gaishe shi, na ajiye kwanon a kan teburinsa, sannan na koma bakin ƙofa na tsaya, kaina a sunkuye, ina jiran ya gama.

Sunansa Mista Wilfred, amma Mama ta hana mu kama sunan sa'an kakanmu, sai muka sa masa Baba Soja. Ɗan ƙasar Kanada ne, a gonar alkama ya tashi, ya shiga soja gemunsa bai fito ba, aka tura shi Turai a Yaƙin Duniya na Biyu. Da ya dawo ya karanci aikin gona, ya auri Ba'amurkiya, ya ƙare aikinsa a kan dankalin turawa. Shinge ɗaya ne tsakanin bayan gidansa da namu, kuma ta kansa yake miƙo wa Baba tumatir, Baba ya miƙa masa kuɓewa da yakuwa. Ni da ƙanena Sadiƙu mu ne masu cire ciyawa da tara ganye da manjagara, in mun gama mu zana gidan 'yar gala-gala da alli a gaban garejinsa, bai taɓa korar mu ba.

A ranar ya buɗe kwanon, ya yi loma ɗaya, ya ɗago ya dube ni. Na ga cokalin ya tsaya masa a hannu. Sai ya turo kwanon gefen teburin ya ce da Turanci, "Zauna ki ci." To, ni haka aka koya mini: babba ya taɓa abinci, ya bar wa yaro saura, kuma sauran babba albarka ne, ba a mayar da shi. Na zauna na share tuwon tas, har da suɗe kwano. Har gobe ban ga laifina ba, tarbiyyar gidanmu na bi sau da ƙafa.

Haka muka yi ta yi har dusar ƙanƙara ta sauka. In na sauko daga motar makaranta, in ajiye jaka, in ɗauki kwano. Yau tuwon shinkafa, gobe dambu, jibi faten doya. Kwano ya dawo wayam, Mama ta yi ta murna a waya tana gaya wa ƙawayenta na Upper Marlboro cewa ta samu Bature mai son daddawa. Ni da nake siririya kamar tsinken tsintsiya na fara yin kumatu, ina ture abincin dare, Sadiƙu yana tsokanata wai na zama buhu. Babu wanda ya lura wandon tsohon ya fara yi masa yawa, har Mama da take nas, don ta taga kawai take hango shi cikin ƙatuwar rigar sanyi.

Wata safiya Baba ya same shi zaune a cikin ƙanƙara a ƙofar gida, shebur a gefe, ya kasa tashi. A asibiti aka ce yunwa ce. 'Yarsa ta taso daga Kanada, ta ce in bai murmure ba kafin sanyi ya wuce, za ta sayar da gidan ta kai shi gidan kula da tsofaffi. Shi kuwa a gidan nan matarsa ta dasa kowane fure, kuma ya ce gara a fitar da gawarsa. Mama ta titsiye ni, na faɗa mata gaskiya ba tare da ko ɗar ba. Ta dafe kai ta ce, "Innalillahi! Ashe ke nake kiwo."

Da aka sallamo shi, ya ba Baba labari a falonmu, ina zaune ina ji. A ƙarshen yaƙin rundunarsu ta shiga wani gari a Holan inda mutane suka daɗe ba abinci. In sojoji suka buɗe gwangwani, yara sukan kewaye su, ba sa roƙo, sai dai su tsaya kai a sunkuye suna jira. Wata rana ya wuni bai ci komai ba, ya cinye nasa a gaban wata yarinya, ya ce a ransa gobe zai ba ta. Washegari ya duba cikin yaran bai gan ta ba, kuma bai sake ganinta ba. Tun daga nan, in yaro na tsaye, abinci ba ya wuce masa maƙogwaro. Matarsa ta sani, ita ce ke ciyar da yara tukuna. Da ta tafi, shi kaɗai bai ga dalilin kunna murhu ba.

Mama ba ta yi dogon tunani ba, ta juya tsarin gidanmu. Kullum da yamma Baba Soja ya shigo, a zaunar da ni da Sadiƙu a gabansa mu ci har mu ce mun ƙoshi, mu wanke hannu mu fita wasa, sannan a kawo faranti ɗaya shi da Baba. Baba ya yi gunaguni, ya ce a Zariya ba a taɓa jin yara sun riga maigida ba. Mama ta ce, "Alhaji, ran mutum muke nema, ka yi haƙuri ka jira." Ya jira. Da ƙanƙara ta narke ƙasa ta saki, 'yarsa ta dawo da niyyar kwashe kaya, ta tarar da mahaifinta a bayan gida yana kaftu yana gardama da Baba a kan taki. Ta koma ita kaɗai. A gidansa Baba Soja ya zauna, a kan gadonsa ya cika, lokacin ina jami'a.

Yanzu ina Gaithersburg da nawa iyalin. Abinci ma direba ne ke ajiye shi a ƙofa ya tafi, kuma tsohuwar da ke kusa da mu hannu kawai muke ɗaga wa juna, ban san me take ci ba. Ina kewar zamanin da kwano ke tsallaka shinge ba sai an nemi izini ba. Da surukata ta zo daga Kano ta ga ina zuba wa yara kafin kowa, ina zaune ina kallon su, ta ce Amurka ta ɓata ni. Na yi dariya na bar ta a haka. Ni dai sai na ga sun ƙoshi loma take wuce mini.