Mai Kallon Ƙafafu

A kasuwar Shuwarin ga wata doguwar budurwa, hijabi ruwan toka, biro a hannu, tana tsaye gaban tsohuwa mai nono kamar an dasa ta. Ashe ɗalibar jami'a ce, cikin masu kwas ɗin koyon rubutu na dogon hutu. An ce kowa ya siffanta fuskar wani babba, ko ya faɗi. Ita kuwa da alama a gidansu ba a kallon babba a ido. Tun ɗazu silifas ɗin tsohuwar take ƙare wa kallo.

"'Yar nan, nono za ki saya ko ƙafata?"

"Inna, fuskarki nake so in rubuta."

Tsohuwar ta gyara kallabi, ta turo haɓa. "To ɗago. Amma ki mayar min da haƙorana na gaba."