Hannun Iya Mai Gumi

Shekara uku na yi ina rubuta labaran ban tsoro a waya, ina tura wa mata a guruf-guruf. Soyayya ban iya ta ba. Ni dai a ba ni aljani a bakin kanal ɗin ban ruwan gonaki, ko gawar da ta ƙi kwanciya, in sa matan Kura su kasa shiga banɗaki su kaɗai. Ranar da wata ta rubuto ta ce na hana ta barci, har tuwona ya fi daɗi. Maigidana yakan ce shi yana noman shinkafa ni ina noman ƙarya, kuma tawa ta fi saurin nuna.

Dabarata ɗaya ce. Ba na zuwa nesa neman abin tsoro, abin da mutane ke gani kullum nake ɗauka in ɗan karkata shi. Da na tashi rubuta labarin wata mayya, sai na rasa kamannin da zan ba ta. Na leƙa ta katanga, na ga Iya.

Iya maƙwabciyarmu ce, tsohuwa, mijinta ya daɗe da rasuwa. Sana'arta gumi: a kawo mata shinkafa daga gona, ta jiƙa, ta turara a ganga, ta shanya kafin a kai inji. Hannunta na hagu yana da tabon ƙuna, fari fat, tun daga yatsu har gwiwar hannu. Na ɗauki wannan hannun na ba mayyata. Na ce ta ƙone ne garin tsamo kurwar yara daga tukunya. Ban sa suna ba, na ma mayar da garin can wani wuri da babu shi, ina ganin na yi wayo. Labarin ya zaga fiye da duk abin da na taɓa rubutawa, har wasu suka karanta shi da murya suna turawa.

Da damina ta yi nisa, sauron fadama ya kwantar da wata budurwa a layinmu. Zazzaɓi ya hau mata ka, ta riƙa fizge-fizge tana cewa, "Ga ta nan, mai farin hannu, ku riƙe ta!" Yarinyar tana cikin masu bin labarina, na san lambarta.

A wurinmu idan mara lafiya ya ambaci wanda ya kama shi, sai a kirawo mutumin ya tsallaka shi, wai a nan yake sakin kurwar. Da hantsi aka je aka zo da Iya, zaninta jiƙe da ruwan shinkafa. Ta yi rantsuwa, ta yi kuka, ba wanda ya saurara. Ina tsaye a tsakar gidan, wayar tana hannuna, bakina ya ƙi buɗewa. Tsoro na ji, ba na ɓoyewa. Iya ta tattare zaninta ta tsallaka yarinyar sau uku.

Da yamma aka kai yarinyar asibiti aka yi mata allura. Kwana biyu ta miƙe. Ba wanda ya yaba wa allurar.

Sai a lokacin na yi ta bin gidaje ina cewa ni na ƙirƙiro, ƙarya ce tsagwaronta. Uwar yarinyar ta kama hannuna ta ce, "Haba 'yar uwa, ai Allah ne ya nuna miki. Ke kin ɗauka kanki ne ya kawo?" Na ji kamar in mare ta, amma wa zan mara in ba kaina ba? Mutanen da kullum suke ce mini maƙaryaciya cikin wasa, ranar da na rantse ƙarya na yi suka ƙi yarda.

Aka daina kai wa Iya shinkafa. Gangunanta suka yi tsatsa a bayan ɗaki. Mata suna janye 'ya'yansu idan ta fito ɗiban ruwa. Kafin girbi ta tattara ta koma wurin 'yarta a wani ƙauye bayan Bunkure.

Sai da na yi wata biyar kafin na iya zuwa. Na same ta a kan tabarma tana tsince wake, ta rame. Na durƙusa na gaya mata komai. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na ji sauƙi. Ta ce, "Karanta mini, 'yar nan. Kowa ya ji, ban da ni."

Na fara karanta mata. Da na zo wurin tukunya ta ɗaga hannu na tsaya.

"Nan kin yi kusa," in ji ta. "Tsamowa na yi. Ɗana na fari ne, yana tatata, ya faɗa ruwan gumi. Na cusa hannu na ɗauko shi. Kwana huɗu ya yi, Allah ya karɓi abinsa." Ta juya hannun tana kallo. "Shekara nawa muna katanga ɗaya, da kin tambaye ni ai da na gaya miki."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya, ta kuma tambayi maigidana da yara, kowa da sunansa. Ta rasu kafin azumi ya zagayo. Daga layinmu mutum uku ne suka je gaisuwa.

Ban sake rubuta labarin tsoro ba, ko da yake har yau ana tura wancan, ba ni da ikon tsayar da shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da na je wurinta, da zan tafi. Ta shiga ɗaki ta ƙullo wake a leda ta ce in kai wa yara. Da za ta miƙo mini, sai ta ja mayafi ta rufe hannun hagun, yadda ban taɓa ganin ta yi ba a Kura.